Idan Gani da Ji Suka Rufe: Tarihin Koyar da Kurma Makaho, da Darasinsa ga Kwarin Binuwai

Gabatarwa

Bahaushe ya ce, gani ya kori ji. Wannan karin magana ya ɗauka cewa ɗan Adam yana da ƙofofi biyu waɗanda sani ke shigo masa ta cikinsu, wato ido da kunne, sai dai a yi gardamar wadda ta fi wata. Amma akwai yaron da zazzaɓi ya rufe masa ƙofofin nan duka biyu tun bai iya kiran sunan mahaifiyarsa ba. Ta ina harshe zai shige shi? Wa zai kai masa?

Tambayar ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin a wurin irin wannan yaro ake ganin abin da ya rage na harshe idan an cire masa sauti da rubutu. Ta kuma shafi mutanen kwarin Binuwai, inda cututtuka biyu suka daɗe suna cin ido da kunne. Saboda haka maƙalar za ta fara daga Garwa da arewacin Kamaru, ta dubi yadda al'umma ta saba ilimantar da makaho da kurma, sannan ta tsallaka Amurka, inda aka fara rubuta tarihin koyar da wanda ya haɗa lalurorin biyu, kafin ta komo gida da abin da tarihin ya koyar.

Kalmomin da Hausa ta tanada

Hausa tana da makaho da makauniya da makafi ga waɗanda ba sa gani. Tana da kurma da kurame ga waɗanda ba sa ji, da bebe da bebiya da bebaye ga waɗanda ba sa magana. A bakin jama'a kurma da bebe sukan cakuɗe, saboda yaron da bai taɓa jin magana ba da wuya ya koyi furta ta, ko da kuwa harshensa da maƙogwaronsa lafiya lau suke. Wanda ya haɗa makanta da kurumta kuwa ba shi da kalma ɗaya tasa. Sai an jera biyu, a ce kurma makaho.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga nan. Aikatau ɗin nan "ji" ya wuce aikin kunne. Bahaushe yana jin magana, yana jin Larabci, yana jin zafi da sanyi, yana jin ƙamshi da ɗaci, yana jin abu mai kaushi a tafin hannunsa. Wato harshen ya tara saurare da fahimta da taɓawa cikin kalma guda. Tarihin da ke tafe ya nuna cewa wannan haɗi da Hausa ta yi daidai ne.

Garwa da cututtuka biyu

Garwa tana bakin kogin Binuwai, ita ce hedikwatar jihar Arewa ta Kamaru. Ta bunƙasa a ƙarni na 19 a matsayin masarautar Fulani a cikin daular Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fataken Hausawa sun bi hanyoyin ciniki suka zauna a cikinta, kamar yadda suka zauna a Marwa da Ngaundere. Jamusawa sun kama ta a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu a 1915. Kogin da ya jawo mata jiragen ruwa da damina, da busasshiyar iskar da ke kaɗawa da rani, kowannensu ya zo da cutarsa.

Cutar rani ita ce sanƙarau. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da annobar ke yawan ɓarkewa, wani dogon zirin ƙasa da ya tashi daga Senegal ya dangana da Habasha. Arewacin Kamaru yana cikinsa, haka ma arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da Cadi. Cutar takan taso bayan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ta tsananta da zafin bazara, ta lafa da saukar ruwan sama. A annobar 1996 zuwa 1997 an ƙidaya fiye da mutum 250,000 da suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Waɗanda suka tashi ma ba duka suka tashi yadda suka kwanta ba. Ƙwayar cutar takan ratsa daga rufin ƙwaƙwalwa ta shiga can cikin kunne, ta lalata 'yan siraran gaɓoɓin da ke karɓar sauti, kuma waɗannan ba sa sake tofowa. Wani lokaci takan taɓa jijiyar gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke daga irin wannan sanƙarau yakan rage da wata lalura mai ɗorewa, kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Cutar kogi kuwa ita ce makantar da baƙin ƙuda ke kawowa. Ƙudan yana hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi kan duwatsu. Idan ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa, ta girma a ƙarƙashin fata, ta shekara goma ko fiye tana zuba 'ya'ya marasa adadi. Su ne ke yawo a jiki suna jawo ƙaiƙayi, su kai ga ido su dushe shi sannu a hankali. Nau'in da ke yankin ciyayi, irin na arewacin Kamaru, ya fi na kurmi saurin makantarwa. A kwarin Vina da ƙasar Mayo Rey, wajen Tubɔro da Cholire a kudu maso gabashin Garwa, masu bincike sun tarar da ƙauyukan da magidanta masu ƙarfin noma suka koma hannun 'yan jagora.

Sanƙarau ya fi kama yara, makantar kogi kuma ta fi bayyana a manya. Ke nan yaron da ya kurumce yana ɗan shekara huɗu, ya girma a bakin rafi, yana iya rasa idon da yake kallon hannun mutane da shi yana da shekara talatin. Ga kuma ƙyanda da amosanin ido da tsufa, kowanne da rabonsa. A irin wannan ƙasa, haɗuwar makanta da kurumta a jikin mutum ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Hanyoyi biyu da al'umma ta sani

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su jira Turawa ba kafin su ilimantar da makaho. Karatun allo da na zaure sun dogara sosai ga baki da kunne: malam ya biya, almajiri ya maimaita har ya zauna a ka. Makaho yana iya shiga wannan da'ira ba tare da an sauya masa komai ba, kuma yana da madogara a tarihin Musulunci, domin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ladani ne a Madina. Misalin da ɗaliban adabi suka fi sani shi ne Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa a 1894, ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu da kunne a gaban malamai, ya tsara waƙoƙin Imfiraji, ya rasu a 1990 bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A fagen boko kuma an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, inda aka koyar da rubutun ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa.

Kurame su ma suna da tasu hanyar. A Kano da sauran biranen Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, harshe mai ƙa'idojinsa da kurame suka gada daga kurame, masu ji da yawa kuma suka iya gwargwadon abin da za su yi ciniki da shi a kasuwa. Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta buga littafi a kanta a 2000. A wajen Marwa ma masu bincike sun tarar da kurame da maganar hannu tasu ta gida, dabam da wadda ake koyarwa a makarantu.

Sai dai a lura da yadda hanyoyin biyu suke. Ta makaho ta jingina da kunne, ta kurma ta jingina da ido. Kowace ta ɗauki ƙofar da ta rage ta faɗaɗa ta. Yaron da ya rasa duka biyun, malamin allo ba shi da abin da zai biya masa, taron kurame kuma ba su da abin da za su nuna masa. Ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, ana tausaya masa, amma ba a yi masa magana. Hanyar da za ta kai gare shi sai an nemo ta a wani wuri.

Ƙofa ta uku: daga Laura Bridgman zuwa Anne Sullivan

A 1837 likita Samuel Gridley Howe, shugaban makarantar makafi ta Perkins a birnin Boston na Amurka, ya karɓi wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas mai suna Laura Bridgman, wadda zazzaɓi ya ɗauke wa gani da ji tana da shekara biyu. Ya riƙa manna wa cokali da mabuɗi da makamantansu takardu masu haruffan da suka tuntsuro, tana shafawa, har ta gane cewa kowane abu da tasa alamar. Daga baya aka koya mata haruffan yatsu, inda kowane harafi yake da yadda ake lanƙwasa hannu. Marubucin Ingila Charles Dickens ya ziyarci makarantar a 1842 ya ba da labarinta a littafin tafiyarsa, duniya ta ji.

Mace ta biyu a wannan silsila ita ce Anne Sullivan. An haife ta a 1866 a jihar Massachusetts, iyayenta matalautan baƙi ne daga Ailan. Amosanin ido ya kama ta tana da shekara biyar, ya bar ta da gani kaɗan. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifin ya kasa riƙe su, aka kai ta da ƙanenta Jimmie gidan gajiyayyu na Tewksbury a 1876. Cikin 'yan watanni ƙanen ya rasu a can. A 1880 wata tawagar masu duba gidan ta zo, yarinyar ta tare shugabansu ta roƙe shi a kai ta makaranta. Ta shiga Perkins tana da shekara 14, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. A can aka yi mata aikin ido ta ɗan samu sauƙi, a can kuma ta zauna da Laura Bridgman, wadda ta riga ta manyanta, ta koyi hira da ita da haruffan yatsu. Ta kammala a 1886, ita aka zaɓa ta yi jawabin ban kwana a madadin ajinsu.

A wannan shekarar ne wani gida a garin Tuscumbia na jihar Alabama ke neman mafita. 'Yarsu Helen Keller, wadda aka haifa ranar 27 ga Yuni 1880, ta yi wani zazzaɓi mai tsanani tana da wata 19, ta tashi ba gani ba ji. Likitocin zamani suna kyautata zaton sanƙarau yana cikin cututtukan da ka iya zama sanadi. Ta ƙirƙiro wa kanta alamomi wajen 60 da take nuna bukatunta da su, musamman ga Martha, 'yar mai dafa musu abinci. Amma alamomin sun yi wa tunaninta kaɗan, sai fushi ya zama harshenta: ta fasa kwano, ta kulle mahaifiyarta a ɗaki, ta sa hannu a abincin kowa. Mahaifiyar ta karanta labarin Laura a littafin Dickens. Suka je wurin likitan ido a Baltimore, ya tura su ga Alexander Graham Bell, wanda ya ƙera wayar tarho kuma malamin kurame ne, shi kuma ya ce su rubuta wa shugaban Perkins na lokacin, Michael Anagnos. Anagnos ya zaɓi Anne Sullivan, budurwa 'yar shekara 20 da ba ta taɓa koyarwa ba, a kan albashin dala 25 a wata.

Wata guda a Tuscumbia

Ta isa ranar 3 ga Maris 1887, ɗauke da 'yartsana da yaran Perkins suka aiko, wadda Laura Bridgman ta ɗinka wa tufafi. Ta miƙa wa Helen, ta rubuta mata sunan abin da yatsu a tafin hannu. Yarinyar ta kwaikwayi motsin daidai, amma a wurinta wasa ne. Ba ta san cewa motsin yana nufin wani abu ba. Makonni suka wuce a haka. Da malamar ta ga iyayen ba sa iya jure kukan 'yarsu, kuma duk abin da ta hana sai su bayar, sai ta nemi a bar su su biyu a wani ɗan ɗaki da ke cikin lambun gidan. Sun yi kusan mako biyu a can, har yarinyar ta yarda ta zauna, ta ci da cokali, ta bar hannunta a cikin na malamarta.

Duk da haka kalmomi ba su buɗe ba. Helen tana rikita sunan moɗa da na abin da ke cikinta, domin a wurinta sha da ruwa da mazubi abu ɗaya ne. Ranar 5 ga Afrilu 1887 Anne ta kai ta wurin famfo a bayan gida, ta sa mata hannu ɗaya a ƙarƙashin ruwan da ke kwarara, ta riƙa rubuta mata haruffa biyar na kalmar ruwa da Ingilishi a ɗaya hannun, da farko a hankali, sannan da sauri. Yarinyar ta tsaya cik. Ta gane cewa wannan sanyin da ke bin hannunta shi ne abin da yatsun ke faɗa, kuma idan ruwa yana da suna, to, komai yana da suna. Ta taɓa ƙasa ta nemi sunanta, ta taɓa famfon, ta juya ta taɓa ita kanta Anne, aka rubuta mata "malama". Kafin dare ta koyi kalmomi wajen 30.

Abin da ya faru a bakin famfon shi ne abin da masana harshe ke nufi idan suka ce alaƙar kalma da ma'anarta yarjejeniya ce. Babu abin da ya haɗa sautin "ruwa" da ruwa in ban da cewa Hausawa sun yarda a kan haka. Bafulatanin Garwa zai ce "ndiyam" ya sha abin da muka sha. Tunda yarjejeniya ce, ana iya ƙulla ta da sauti, ko da tawada, ko da motsin yatsa a kan fata. Yaro mai ji yakan gane wannan tun yana goye, ba wanda ya lura da ranar. A wurin Helen an san ranar da wurin.

Dabarar malamar

Labarin famfo ya yi suna har ya rufe aikin da ya biyo baya, alhali a nan darasin yake. Anne ta bayyana dabararta a wasiƙun da ta riƙa aika wa Sophia Hopkins, uwar ɗakinta a Perkins, waɗanda aka buga tare da tarihin rayuwar Helen a 1903. Ta lura da yadda jariri mai ji yake koyon magana: ba a zaunar da shi a ba shi jerin kalmomi, ana yi masa magana ne dare da rana, da cikakkun jimloli, tun bai fahimci ko rabinsu ba. Sai ta yanke shawarar yi wa hannun Helen abin da uwa ke yi wa kunnen jaririnta. Ta watsar da jadawalin darasi. Suna tafe a gona, ko suna taɓa ɗan tsako yana fasa ƙwai, ko suna zaune a kan reshen itace, yatsunta ba sa tsayawa. Abin da yarinyar ta nuna sha'awarsa, shi ne darasin ranar. Kafin shekarar ta ƙare Helen tana da ɗaruruwan kalmomi, tana karanta haruffa masu tudu, tana rubuta wasiƙa.

A 1890 ta fara koyon furuci a wurin Sarah Fuller a Boston, tana ɗora yatsu a leɓe da maƙogwaron mai magana don ta ji motsinsu. Muryarta ba ta taɓa fita sosai ba, abin da ya dame ta har ƙarshen rayuwarta. A 1900 ta shiga kwalejin Radcliffe. Shekara huɗu Anne tana zaune kusa da ita a aji tana zuba mata laccar malamai a hannu, idan sun koma gida kuma ta karanta mata littattafan da ba a buga da rubutun makafi ba, sa'o'i masu yawa, da idanun da likitoci suka gargaɗe ta a kansu. Helen ta kammala a 1904, ita ce kurma makauniya ta farko da ta samu digiri, ta kuma karanci Faransanci da Jamusanci da Latin da Girkanci. Idon Anne ya ci gaba da lalacewa har ta kusan makancewa gaba ɗaya. Ta rasu ranar 20 ga Oktoba 1936, hannunta a cikin na ɗalibarta, bayan shekara 49 suna tare. Helen ta rayu har 1 ga Yuni 1968.

Adalcin tarihi ya wajabta a faɗi abin da nasarar ta ci. Mahaifin Helen mai gona ne kuma editan jarida, yana da halin kai 'yarsa wurin manyan likitoci. Daga baya attajirai suka ɗauki nauyin karatunta. Sannan an samu mace guda da ta ba da rayuwarta kacokan ga ɗaliba guda. Babu ƙasar da za ta iya gina ilimin yaranta a kan irin wannan sa'a. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a yawaita malamai, kuma wanda ya kawo wa Afirka amsa ya fito ne daga jihar da Helen ta fito.

Andrew Foster da yawaita malamai

An haifi Andrew Foster a 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikata a birnin Birmingham na Alabama. Baƙar fata ne, ɗan mai haƙar kwal. Sanƙarau ya kurumtar da shi yana da shekara 11. A zamanin wariyar launin fata, makarantar kurame baƙaƙe ta jihar ba ta kai matakin sakandare ba, don haka ya koma Detroit yana aiki yana karatu. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri daga kwalejin kurame ta Gallaudet. Ya kafa wata ƙungiyar mishan ta kurame a 1956, ya buɗe makarantarsa ta farko a Ghana a 1957, ta Ibadan kuma a 1960.

Ibadan ta zama cibiyar horar da malamai. Yakan gayyato matasa, da yawansu kurame, daga ƙasashe renon Ingila da renon Faransa, ya horar da su, su koma gida su buɗe aji. Kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda cikin Disamba 1987, ya assasa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, har da Cadi da Kamaru. Aikin nasa yana da wani gefe da ɗalibin harshe zai lura da shi: maganar hannun Amurka ya zo da ita, ita ta zama harshen aji a ƙasashe da dama, har aka riƙa kallon maganar hannu ta gida kamar ba harshe ba.

A Kamaru, makarantun kurame na farko an buɗe su ne a shekarun 1970, a Yawunde da Kumba, duk a kudu. Tsakanin Yawunde da Garwa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. Wato yankin da sanƙarau ya fi kurumtar da yara shi ya fi nisa da makarantar kurame. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. A arewacin Kamaru kuwa, cibiyoyi irin ta Baitalami da ke ƙauyen Muda kusa da Marwa, wadda wani limamin Katolika ɗan Italiya ya kafa, sai daga baya suka zo.

Magani ya iso, saura malami

A fagen lafiya an ci nasarar da kakanninmu ba su yi mafarkinta ba. A 1987 kamfanin Merck ya yi shelar ba da maganin Mectizan kyauta don yaƙar makantar kogi, kuma kwarin Vina yana cikin wuraren farko da aka gwada raba shi ga ƙauyuka gaba ɗaya. A 1995 aka kafa shirin yaƙi da cutar na nahiyar Afirka, inda mutanen gari da kansu ke raba ƙwayar. An fara allurar rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso cikin Disamba 2010, ta iso jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2011, nau'in sanƙarau da ya saba haddasa manyan annoba ya ja baya ƙwarai. Reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa yana cikin wuraren da ake gwada ruwan ƙashin baya don bin sawun cutar. Ƙungiyar da Helen Keller ta taimaka aka kafa a 1915, wadda yanzu take ɗauke da sunanta, tana aiki a Kamaru tun farkon shekarun 1990, kuma cikin abin da ta yaƙa a arewacin ƙasar har da amosanin ido, ciwon da ya cinye idon Anne Sullivan.

Sai dai rigakafi na wanda bai kamu ba ne. Ƙwaya ba ta mayar da idon da ya riga ya mutu, allura ba ta buɗe kunnen da ya toshe. A kan takarda an yi wa waɗannan tanadi: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ambaci kurame makafi da sunansu a sashenta na 24, ta ce a koyar da su da harshe da hanyar da suka fi dacewa da su, Kamaru kuma ta yi dokar kare masu nakasa ranar 13 ga Afrilu 2010. Amma doka ba ta rubutu a tafin hannun yaro. Wannan aikin mutum ne, kuma lokacinsa ƙanƙane ne, domin shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi buɗewa ga harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Tarihin nan silsila ce ta hannuwa. Howe ya koyar da Laura, Laura ta yi hira da Anne, Anne ta buɗe wa Helen. Foster ya nuna cewa kurma da kansa yana iya zama malamin malamai. Babu ɗaya daga cikinsu da ya mayar wa ɗalibinsa ido ko kunne. Abin da suka kai masa harshe ne, ta ƙofar da ta rage a buɗe.

Kayan aikin suna nan a ƙasarmu. Maganar hannu da kurame ke yi a Kano da Marwa ana iya jin ta da tafi, idan wanda ba ya gani ya ɗora hannunsa a kan na mai magana, kamar yadda kurame makafi ke yi a wasu ƙasashe. Rubutun ɗigo shida yana ɗaukar Hausa kamar yadda yake ɗaukar Faransanci. A nan ɗaliban harshe suke da rabo a aikin: su tattara maganar hannu ta gida su rubuta ƙa'idojinta kafin ta makaranta ta shafe ta, su fitar da littattafan farko na Hausa da Fillanci da za a iya shafawa, wasunsu kuma su shiga fagen koyar da masu bukata ta musamman. Wanda ya san cewa a Hausa ana jin sanyin ruwa da hannu kamar yadda ake jin magana da kunne, ba zai yi masa wuya ya yarda cewa kurma makaho ma yana ji ba, in an samu mai yi masa magana.